Ƙofar Hostal Ɗinmu da Ƙotar Bindiga

Duk wanda ya kwana a hostal ɗinmu cikin watan Agusta ya san sai an sa kafaɗa kafin ƙofar ɗaki ta rufu. Ku dawo a Janairu, hunturu ya kankama, za ku tarar ƙofar nan ta motse har ana hango mai barci ta tsaga. Mu 'yan sashen aikin katako mu muke shan tsiya a kan wannan. Ran nan wani abokina ɗan sashen lantarki ya ce mini, "Kafinta, shekara biyu kana karatu, ƙofa ɗaya ta gagare ka?" Na yi dariyar yaƙe, amma wallahi maganar ta tsaya mini a rai.

Haushin nan ya sa na shiga bincike: a wace sana'a ce ba a yafe wa katako idan ya motsa ko da kaurin gashi? Amsar da na samu ita ce ƙotar bindigar gwanayen harbi, irin waɗanda ke gasa a Turai da Amurka. Kafin wani ya kai ni ƙara ofishin tsaro, ba kira nake mu ƙera makami ba. Dokar ƙasa ta hana yin haka ba da lasisi ba, kuma kowa ya san abin da bindiga ta jawo wa garuruwanmu. Katakon nake magana a kai, domin akwai darasi a cikinsa.

Ƙota ita ce jikin da ke riƙe da ƙarfen bindiga, ita ake dannawa a kafaɗa, a kanta ake ɗora kunci. Idan ta sha laima ta kumbura, sai ta tokare bututun da harsashi ke bi, saiti ya kauce. Ku ɗauki biro mu yi lissafi. Bututu mai tsawon santimita 60, bakinsa ya gusa da kashi ɗaya cikin goma na milimita, wanda ido ma ba ya gani. A nisan mita 50, wannan ya zama kuskuren fiye da milimita 8. To, a gasar Olamfik ta harbin mita 50, da'irar tsakiya mai maki goma faɗinta milimita 10.4 ne kacal. Kun ga ke nan, ɗan kumburin da mu za mu ce "ai ba komai" ya isa ya raba mutum da lambar zinare.

Matsalar a halittar icce take. Katako yana shan danshin iska yana kuma fitar da shi har ƙarshen rayuwarsa. Ta tsawo kusan ba ya motsi, ta faɗi ne yake kumbura da motsewa, kuma ba daidai ba a kowane ɓangare. Shi ya sa gungume guda, komai kyansa, yake murɗewa. Dabarar da aka samo ita ce a fere icce fallaye sirara, kowane falle bai kai milimita biyu ba, a busar, a shafa gam mai ƙarfi, a jera su da yawa, a matse da inji cikin zafi har su zama dunƙule ɗaya. Idan wannan falle ya so karkata hagu, na kusa da shi ya riƙe shi. Gam ɗin da ke tsakani kuma yana rage wa laima hanyar shiga. Hausawa sun riga sun faɗa, tsintsiya ɗaya ba ta shara.

Abin ba na jiya ba ne. Daga ƙarshen shekarun 1930 Jamus ta koma yi wa bindigarta K98k ƙota da manannun fallaye, saboda itacen walnat da aka saba amfani da shi ya yi ƙaranci. Abin da aka fara don dole sai ya zama ya fi na da jure ruwa da sanyi, ko da yake ya fi nauyi. Tarayyar Sobiyet ma haka ta yi wa Dragunov, wadda sojojinta suka karɓa a 1963. Yau kamfanoni irin su Boyds a Amurka da GRS a Norwe suna sayar wa maharba da 'yan gasa irin wannan ƙota, wani lokaci a rina fallayen kala-kala, idan an sassaƙa su fito kamar zanen atamfa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake yi wa mutum tasa shi kaɗai, kamar tela da shadda. Za a auna tazarar kafaɗarsa zuwa yatsan da ke taɓa kunama, a auna tsayin da kuncinsa zai zauna idonsa ya yi daidai da madubin hange, a duba girman tafin hannunsa, a tambaya ko bahago ne. Sannan a fafe wurin zaman bututu da ɗan rata, yadda takarda za ta wuce tsakaninsa da katako ba ta maƙale ba. Wannan kuwa ai injiniyanci ne tsantsa, ko da ƙura ta rufe mai yin sa.

Kuma ku lura, gwanintar ba a sassaƙa kaɗai take ba. A 2014 gobara ta cinye masana'antar Rutland Plywood a Amurka, wadda ke manne irin wannan katako, nan take masu yin ƙota da dama suka shiga neman inda za su samo. Injin sassaƙa mai kuɗi zai saya. Sanin yadda ake busarwa da mannewa shi ne ba a samu a kanti.

Na san masu gardama za su ce zamanin katako ya wuce. Suna da 'yar gaskiya. A gasar harbin nesa ta yau, da yawa sun koma ƙotar alminiyam da ta zaren gilas, waɗanda ruwa bai dame su ba. Mannen katako yana da nauyi, kuma idan ba a shafe shi da kyau ba shi ma zai sha laima. Amma tambayata ita ce, mu me muke da shi a hannu? Muna da maɗaci, da kirya, da malaina, da darbejiya. Madobiyarmu an yi ta lodin ta gungume-gungume zuwa Sin har dazuzzuka suka yi sanƙo, mu kuma muna sayen fallayen katako daga waje. A dabarar manne, ko icce ƙarami da gutsattsarin da muke ƙonawa a bayan wokshof suna da amfani.

Saboda haka ga roƙona ga shugabannin ƙungiyarmu, tunda su ke zama da hukumar makaranta. A nema wa wokshof na'urar auna danshin katako da injin matsa, ko ƙarami ne. Yanzu da hannu muke taɓa katako mu ce ya bushe, kamar masu sayen rake. Sannan a sauya yadda ake duba furojet. A halin yanzu mutum zai haɗa teburi, ya zuba masa fenti, a ba shi maki ranar, bayan wata huɗu teburin ya zama kwale-kwale ba wanda ya tambaya. A riƙa auna aiki cikin damina, a sake auna shi cikin hunturu, maki ya biyo bambancin. 'Yan sashen kanikanci su haɗa mana injin matsar a matsayin nasu furojet, 'yan kimiyyar gwaje-gwaje su gwada mana wane gam ne ke jure zafin Afrilu.

Ni dai na riga na fara. Na manne fallaye tara na malaina, na ajiye su gefen wani katako guda mai girmansu ɗaya a kan tagar ɗakinmu, duk Juma'a ina aunawa ina rubutawa. Idan sakamako ya yi kyau, ƙofa zan yi furojet ɗina a kanta. Abokina ɗan lantarki kuma na gaya masa ya shirya, shi zai fara rufe ta a Agusta, da yatsa ɗaya.