Motar Da Da Motar Yanzu, Wacce Ta Fi Ƙwari?

Duk wanda ya tsaya a ƙofar wata majema ta Challawa da safe zai ga motoci iri biyu suna shiga. Ga sabuwar motar alfarma ta mai kamfani tana ƙyalli, ga kuma tsohuwar Mercedes, wadda mu ke kira Marsandi, ta wani dattijon dillalin fatu, ta haura shekara arba'in amma har yanzu tana tafiya. Daga nan ne gardama kan tashi, mutane su ce ai ƙarfen kirki ya ƙare, motar yanzu gwangwani ce. To, ya kamata mu auna wannan magana, domin dukiya da rayuka ke ciki.

Masu yabon motar da suna da hujja. Marsandin da aka ƙera daga 1976 zuwa 1986, da Peugeot 504 wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna cikin 1975, motoci ne waɗanda makaniki zai buɗe ya gane ciwonsu da ido da kunne, sa'an nan ya aika yaro Ƙofar Ruwa ya sayo abin da ya lalace. Amma kada mu manta, waɗanda mu ke gani yau su ne 'yan kaɗan da suka tsira. Sauran tsatsa ta cinye su tuni, ba mai tuna su.

In kuwa maganar tsare rai ce, motar yanzu ta yi wa ta da nisa. Kamfanin Volvo ya fito da bel ɗin kujera mai ratsa ƙirji da cinya cikin 1959. Mercedes ta sa birkin da ba ya kulle ƙafa cikin 1978, ta ƙara jakar iska cikin 1981. Cikin 2009 wata cibiyar kamfanonin inshora a Amurka ta haɗa Chevrolet ta 1959 da ta 2009 suka yi karo gaba da gaba. Ɗakin direban tsohuwar ya murƙushe, na sabuwar kuwa ya tsaya. Watau lanƙwashewar gaban mota, wadda mu ke ɗauka rauni ne, da gangan aka yi ta, don ƙarfe ya sha dukan maimakon mutum.

Aibin motar yanzu a ƙasarmu yana wani wuri dabam. Cike ta ke da kwamfuta da wayoyi, ba a gane ciwonta sai da na'ura, kayanta kuma sai an yo oda daga Jamus ko Japan da kuɗin waje. Ƙurar hunturu da zafin bazara da ramukan hanya ba su raga mata ba. Wata 'yar na'ura ƙarama ta mutu, sai motar miliyoyi ta kwanta wata da watanni.

Saboda haka mu dai a ganinmu motar yanzu ta fi kyawun ƙira, amma ƙwarin mota ba ya wuce ƙwarewar mai gyaranta. Masu masana'antun Challawa da Sharaɗa da Bompai sun fi kowa sanin haka, gama sun ga yadda injin da ba mai gyaransa ya kan tsai da aikin kamfani ɗungum. Muna kira gare su da su haɗa kai da makarantun koyon sana'a na Kano, a koya wa samarin makanikai aikin lantarkin mota da karanta na'urar bincike. Mai niyyar saye kuma, kafin ya biya kuɗi, ya tambaya tukuna wa zai gyara masa, ina kuma za a sami kayan.

Hausawa sun ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Motar da ba za ta dawo ba, abin da ya rage shi ne mu koyi riƙon ta yanzu. Allah ya kiyaye mu a kan hanya, amin.