Kukan Ƙirji Bayan An Girma: Mu Daina Cewa Sanyin Kurmi Ne

Jama'a 'yan'uwana mazauna Kurmi, yau ina so in ja hankalinmu ga wani ciwo wanda ya daɗe yana wahalar da mutanenmu a ɓoye cikin ɗakunan haya na Agege da Idi-Araba da Mile 12, da Sabo ta Badun, har zuwa Fatakwal. Ciwon nan shi ne asma, watau toshewar numfashi da kukan ƙirji, musamman irin wadda ke kama mutum bayan ya girma ya yi iyali, alhali kuwa tun yana yaro bai taɓa saninta ba.

Abin da ya sa na ɗauko maganar shi ne halin da wani ɗan garinmu ya shiga, magidanci mai kimanin shekara 40, wanda ke kwaɓa fulawa a wani gidan burodi a Agege. Shekara 6 yana wannan aiki lafiya lau. Sai ya fara atishawa da yoyon hanci, daga baya tari ya biyo, har ya kai in asuba ta gabato ƙirjinsa sai ya riƙa kuka kamar ana busa usur. Abokan ɗakinsa suka ware masa kofi da kwano, don suna tsammanin tarin fuka ne. Wasu suka ce sanyi ne, suka hana shi wankan safe. Da ya tafi gida Babbar Salla ya yi mako biyu sai ya warke sarai, aka ce to ga shi nan, iskar Ikko ce ba ta karɓe shi ba. Ya dawo bakin aiki, kwana uku ciwo ya dawo. Haka ya yi shekara biyu yana haɗiyar ƙwayoyin kemis, sai da wani dare aka kwashe shi ranga-ranga zuwa asibiti, sa'an nan likita ya yi masa tambayar da ba wanda ya taɓa yi masa: wane aiki kake yi? Ashe ƙurar fulawa ce.

A ganina, shekara biyun nan da bawan Allah ya yi asara laifin kalma ɗaya ce, watau "sanyi". Mun mai da ita wani buhu da muke zuba kowace cuta a ciki, kuma da zarar an ce sanyi ne, to, an rufe maganar zuwa asibiti.

Bari in ɗan bayyana yadda abin yake. Hanyoyin iska a cikin huhu kamar rassan itace suke, suna ta ƙanƙancewa. Mai asma cikin hanyoyin nan nasa a kumbure yake ko da yana jin garau. Idan ya shaƙi abin da jikinsa ba ya so, sai naman da ke kewaye da su ya matse, majina ta taru, iska ta rasa wurin fita sai da ƙyar, wannan ne kukan da ake ji. Ba a ɗaukar ta ta kofi, ko kwano, ko kwana a tabarma ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 262 ne ke fama da ita, ta kuma kashe 455,000, akasarinsu a ƙasashe marasa ƙarfi irin tamu. Wadda ta fara da girma ta fi kama mata, kuma ba ta cika lafawa da kanta ba kamar yadda ta yara kan yi wani lokaci.

Likitocin huhu sun ƙiyasta cewa cikin manya 6 da asma ta kama da girma, kimanin ɗaya daga wurin aikinsa ya samo ta. To, mu dubi ayyukan da suka kawo mu Kurmi mana. Gidan burodi, injin niƙa, tsaga katako, fentin mota na feshi, dakon buhunan hatsi da barkono, gidan kaji, da wanke-wanke da sinadarai masu ƙarfin wari da matanmu ke yi a gidajen mutane. Sa'an nan a tashi aiki a koma ɗaki mai danshi, bango ya yi funfuna, ga kyankyasai, ga katifar da ba ta ganin rana, an kunna maganin sauro an rufe taga saboda janaretan maƙwabta. Alamar da ya kamata kowa ya lura da ita ita ce, in ƙirji na sauƙi ranar hutu ko lokacin tafiya gida, yana kuma tashi idan an koma aiki, lalle a faɗa wa likita. Mutumin namu bai warke don ya bar Ikko ba, ya warke ne don ya bar fulawa. Mai asma da ya tattara ya koma Arewa yana iya tarar da ƙurar hunturu tana jiransa.

Ban ga laifin abokan ɗakinsa ƙwarai ba da suka ji tsoron tarin fuka, domin kuwa yana nan cikinmu, kuma shi ana ɗauka. Laifinsu shi ne da suka tsaya ga ware kofi. Duk wanda ya yi mako biyu yana tari ya kamata a kai shi a gwada kakinsa, balle in yana rama, yana zazzaɓi da gumin dare, ko yana ganin jini. Gwajin nan da maganinsa na wata 6 kyauta ne a cibiyoyin tarin fuka na Gwamnati. Har ila yau ciwon zuciya ma kan sa haki da kukan ƙirji, musamman in ƙafafu na kumbura, kuma an san shi ga matanmu bayan haihuwa. Wanda ya daɗe yana shan taba shi ma yana da nasa ciwon huhun dabam. Yaron kemis da ke bayan kanta ba shi da hanyar rarrabe waɗannan, kome kirkinsa.

Yadda ake tabbatar da asma kuwa ba wuya. Akwai wata na'ura da mutum zai busa da iyakar ƙarfinsa ta auna iskar da ya fitar, sai a ba shi maganin buɗe ƙirji ya shaƙa, a jira kamar minti 15, ya sake busawa. In iskar ta ƙaru sosai, wannan babbar shaida ce. Manyan asibitocin koyarwa kamar na Idi-Araba da na Ikeja da na Badun suna da sashen likitocin ƙirji. Akwai kuma wata 'yar ƙaramar na'ura ta hannu da likita kan sa mutum ya riƙa busawa safe da yamma har mako biyu ko fiye, ana rubuta lambar, a gwada ranakun aiki da na hutu. Wanda zai je, ya tafi da kwalayen duk ƙwayoyin da yake sha, in kuma Turancinsa bai nuna ba ya ɗauki mai yi masa tafinta, kada kunya ta sa ya riƙa gyaɗa kai ga abin da bai ji ba.

Yanzu sai maganar ƙwayoyin nan. Waɗanda aka fi ba mutane su ne firednisolon da deksametazon, kuma gaskiya suna buɗe ƙirji, shi ya sa ake komawa. Likita ma yana ba da irinsu, amma na 'yan kwanaki kaɗan lokacin da ciwo ya tashi. Wanda ya mai da su abin kullum wata da watanni yana sayen ciwon sukari da hawan jini da raunin ƙashi da yanar ido da kuɗinsa, fuska ta kumbura a ce ya yi ƙiba, Kurmi ta karɓe shi. Ga kuma haɗin maganin gajiya da 'yan dako ke sha kowane dare. Asfirin da ibufurofen da diklofenak suna tayar wa waɗansu manya masu asma ciwo mai tsanani cikin ɗan lokaci. Waɗansu magungunan hawan jini ma haka, don haka mai asma ya faɗa kafin a rubuta masa.

Abin mamaki, mutumin da ke haɗiyar waɗannan ba tare da fargaba ba, shi ne in an miƙa masa abin shaƙa, watau inhela, sai ya ja da baya, wai in ka fara ba ka bari, wai sai ciwo ya kai gargara ake ba da shi. Wannan zance ba shi da tushe. Maganin shaƙa kai tsaye yake zuwa huhu, kuma abin da ke shiga jiki ɗan kaɗan ne in an gwada da ƙwaya. Iri biyu ne. Akwai mai buɗe ƙirji nan take, galibi shuɗi, kamar Ventolin. Akwai kuma mai kwantar da kumburin ciki, wanda shi ne ainihin maganin, ana shaƙarsa yadda likita ya tsara ko da ana jin lafiya, a kurkure baki bayan an gama. Akwai ma wanda aka haɗa biyun wuri ɗaya. Tun 1993 akwai wata ƙungiyar likitoci ta duniya mai suna GINA da ke tsara ƙa'idojin maganin asma, kuma a 2019 ta daina amincewa da a bar babba da shuɗin nan shi kaɗai, domin yana rufe ciwo ne kumburi na ci gaba. Wanda ke buƙatar shuɗin fiye da sau biyu a mako, ko ƙirji na tashinsa daga barci, ko yana ƙarar da gwangwani 3 a shekara, ya koma wurin likita. In hannu bai iya daidaita fesawa da shaƙa ba, gorar roba ta ruwa mai rabin lita da aka huda gindinta aka sa bakin inhela tana taimakawa ƙwarai, ma'aikacin asibiti zai nuna yadda ake yi. Game da azumi malamai sun saɓa, kowa ya tambayi nasa, amma na safe da yamman nan ana iya mai da shi sahur da buɗa-baki.

Na san za a ce mini, Malam, ka faɗi magani ba ka faɗi kuɗi ba. Gaskiya ne. Tun da kamfanin GSK ya ba da sanarwa a watan Agusta 2023 cewa zai daina sayar da kayansa da kansa a Nijeriya, ga kuma faɗuwar Naira, kuɗin abin shaƙa ya yi tashin gwauron zabo, mai dako ba zai ji da daɗi ba. Amma akwai na waɗansu kamfanoni masu magani iri ɗaya da suka fi araha, a tambayi mai ilmin haɗa magunguna, a kuma duba lambar NAFDAC. Sa'an nan mutum ya lissafa kwanakin da ya kwanta bai fita nema ba, da abin da yake zubawa a kemis kullum.

A nan ne nake kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin ƙungiyoyinmu na kasuwa. Mun iya haɗa kuɗin mota cikin yini ɗaya mu tura marar lafiya gida wurin iyayensa, inda sau da yawa asibiti ya fi nisa. Me zai hana wannan kuɗi ya fara biyan gwaji da maganin wata biyu a nan? Me zai hana a gayyato likita ranar Lahadi ƙofar Sarki da 'yar na'urar busawa? Kuma a sanar da kowane ɗaki cewa in mai asma ya kasa ƙarasa magana saboda haki, ko leɓɓansa suka sauya launi, ko shuɗin bai yi aiki ba, a zaunar da shi tsaye, kada a kwantar da shi, kada a yi masa hayaƙi, a ci gaba da ba shi shuɗin a kan hanyar asibiti, ko da ƙarfe biyun dare ne.

Shi dai ɗan garin namu ya gwada ɗaura ƙyalle a hanci bai yi masa ba, domin wanda fulawa ta riga ta kama, ko 'yar kaɗan ta ishe shi. Da ƙyar dattawa suka roƙi mai gidan burodin ya mai da shi wajen rarraba burodi ga masu shayi. Albashinsa ya ragu, abin da yake aikawa gida ma ya ragu, amma tun daga lokacin bai sake kwana a asibiti ba, kuma yana shaƙar maganinsa safe da yamma.