Ba a Ba Kura Ajiyar Nama



A dokar kuɗi ta 2021, Gwamnatin Tarayya ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba. Ke nan lemon rabin lita da muke saye da kuɗin tara, harajinsa naira 5 ne kacal. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ba da shawara a 2016 cewa a sa harajin da zai ɗaga farashi da aƙalla kashi 20 cikin ɗari, don mutane su rage shan suga.

Duk da ƙanƙantar harajin, Ƙungiyar Masu Masana'antu ta Najeriya, wato MAN, ta ƙi amincewa, tana cewa ciniki zai faɗi, ma'aikata su rasa aiki. Haka ta yi kuka kan harajin kashi 10 da aka sa wa leda da robobin da ake yarwa bayan amfani ɗaya. A watan Yuli na 2023 Shugaba Tinubu ya dakatar da wannan haraji.

Wannan shi ne kamun ƙafa. Kamfanoni suna da lauyoyi da kuɗin talla, kuma sun san ƙofofin Abuja. Maganar aikin yi gaskiya ce, babu mai son a sallami mahaifinsa. Amma wa yake magana da yawun mai ciwon suga da ke kwance a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, nan Gawon Nama? Wa yake tsaya wa makiyayin da ragonsa ya ci leda ya mutu, ko unguwar da ledar ta toshe mata magudanar ruwa da damina, sauro ya samu gida? Riba ta kamfani ce, jinya kuwa ta iyayenmu.

A ra'ayina, a saurari kamfanoni, amma kada su zama masu yanke hukunci kan dokar lafiya. Ba a ba kura ajiyar nama.

Mu ma muna da baki. Ƙungiyar muhawara ta ɗauki wannan batu a zangon nan. Malamanmu su taimaka mu rubuta wa ɗan majalisar mazaɓarmu wasiƙa, mu tambaye shi matsayinsa. Kafin amsa ta zo, gobe mu sayi ruwa da kuɗin tara, kuma mu jefa ledar a kwandon shara.