Ƙaron Foliyesta da Zafin Bazara: Rage Sinadari Ba Dabara Ba Ce

Wanda ya san Sabuwa da Faskari da Ƙanƙara zai ce ƙasar masara da auduga ba ta da haɗi da gyaran jirgin ruwa. Amma masunta na tuƙa kwalekwale a madatsar Mairuwa kusa da Funtuwa da ta Zoɓe a Dutsin-Ma. Bugu da ƙari, ƙaron foliyesta da ake liƙe jirgin faiba da shi, danginsa ne masu gyaran jikin mota ke shafawa, kuma da shi ake toshe tankin ruwa na faiba. Kukan masu wannan sana'a ɗaya ne: ƙaron yana daskarewa a kwano tun ba a gama shimfiɗa zaren gilashi ba.

Wannan daskarewa ba bushewa ba ce irin ta laka. Idan aka ɗiga sinadarin daskarwa mai suna MEKP, sai ƙwayoyin ƙaron su shiga sarƙewa da juna har su zama abu mai tauri. Sarƙewar tana fitar da zafi, zafin kuma yana ƙara mata sauri. A ma'aunin digiri 25, mai aiki kan sami kimanin minti 15 zuwa 20. Duk ƙarin digiri 10 yana rage wannan lokaci da wajen rabi. To, a watan Afrilu, da zafin Jihar Katsina kan kusanci digiri 40, mintocin da suka rage ba su taka kara sun karya ba.

Dabarar da wasu ke yi ita ce su rage sinadarin ƙwarai, ko su tsinka ƙaron da fetur. Duka biyun kuskure ne. Ƙa'ida ita ce kashi 1 zuwa 2 cikin 100. Idan aka yi ƙasa da kashi 1, sarƙewar ba za ta kammala ba, facin zai yi kama da mai ƙarfi alhali cikinsa ɗanye ne. Fetur kuwa ba ya shiga sarƙar, raunana ta yake yi. Facin mota idan ya ɓanɓare asarar kuɗi ce, amma na jirgi a tsakiyar ruwa rai yake ci.

Hanyar da ta dace ita ce a yaƙi zafin. A yi aiki da sanyin safiya a cikin inuwa. A ajiye gwangwanin cikin ruwan randa kafin a fara, tare da kiyaye kada ko ɗigon ruwa ya shiga ciki, domin danshi na hana daskarewa. A yanka zaren gilashi, a goge wurin tsaf, sannan a dama. A riƙa damawa kaɗan-kaɗan a faffaɗan faranti, saboda kwano mai zurfi yana tara zafi. A auna sinadarin da sirinji, ba da ido ba. Wajibi ne kuma a kare idanu, don MEKP na iya makantarwa.

Mai sana'a zai ce wannan ɓata lokaci ne ga wanda ke neman abincin yini. Gaskiya ne aikin zai ɗan ja, sai dai facin da aka sake sau biyu ya fi cin lokaci da kuɗi.

A nan ne malaman kimiyya suke da rawar takawa. Darasin saurin haɗuwar sinadarai yana cikin manhajar sakandare. Kofi biyu na ƙaro, ɗaya a rana ɗaya a inuwa, da agogo a hannun ɗalibi, sun isa su nuna gaskiyar lamarin a filin makaranta. Ɗalibin da ya gani da idonsa shi ne zai kai wa maƙeri da masunci labari.