Shakespeare Ba Shaihu Zubairu Ba Ne

Har gobe ana yawo da zancen cewa William Shakespeare Balarabe ne, wai ainihin sunansa Shaikh Zubair, harshen Turawa ne ya karkatar da shi. Safa Khulusi, masani ɗan Iraki, ya tsaya wa wannan ra'ayi, daga baya Gaddafi ya yayata shi. Ina girmama ilimin Khulusi, amma a nan hujjojin ba su da ƙafafu.

Masu wannan ra'ayi sun ce lafazin sunayen biyu ya yi kama. To ai kama da wane ba ta wane ba ce. Sunan haɗin kalmomi biyu ne na Ingilishi, shake wato girgiza, da spear wato mashi: mai girgiza mashi, laƙabi mai ƙirar Cigari a wurinmu. Kuma yana da dangi a Ingila, irin su Wagstaff da Shakeshaft, da Breakspear, sunan Baturen Ingila da ya zama Fafaroma a 1154. Duk wanda ya larabta ɗaya, wajibi ne ya larabta sauran. Ko tambarin gida da aka bai wa mahaifin Shakespeare a 1596, mashi ne a jiki.

Suka ce sa hannunsa shida da suka rage sun saɓa wa juna, alamar baƙo ke nan. A zamanin ba a daidaita ƙa'idar rubutun Ingilishi ba, 'yan ƙasa ma haka suke jujjuya sunayensu.

Sai batun wasan kwaikwayonsa Othello: wai ba mai sanin zuciyar Bamagaribe haka sai ɗan'uwansa. Labarin daga littafin Cinthio na Italiya ya fito, wanda aka buga a 1565. A 1600 kuma jakadan Maroko, Abdulwahid bin Mas'ud, ya shafe watanni a Landan, mutanen gari suna kallonsa.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda aka tsallake nasaba, alhali malamanmu na hadisi ba sa karɓar mutum sai sun san ubansa da garinsu. An yi wa William baftisma a Stratford ranar 26 ga Afrilu, 1564. Ubansa John maɗinkin safar hannu ne, ya shugabanci garin a 1568. Kakansa Richard manomi ne a Snitterfield. Tun a 1248 ma takardun shari'a na Gloucestershire sun ambaci wani William Sakspere, shekara fiye da 300 kafin haihuwar marubucin. Mai cewa daga ƙasar Larabawa sunan ya zo, sai ya kawo takardar da ta girmi wannan.