An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Gitar Damargu da Akwatin Kwaikwayon Sauti

Akwai wani ƙorafi da ya zama ruwan dare a bakin masu kishin al'ada, daga Tanut zuwa Belbeji har ƙauyukan makiyaya na Tenhiya, wato cewa ɗan akwatin nan da samari ke soka wa wayar gita ya kashe sautin sahara. Akwatin da ake nufi shi ne na'urar kwaikwayon amfili, wadda ƴar kwamfutar da ke cikinta take ari muryar manyan amfili na Amurka da Ingila ta ba gita. Masu ƙorafin sun ji daidai, domin sau da yawa abin da ke fitowa daga lasifika a wurin biki gurnani ne kawai, ba a rarrabe tsirkiya da tsirkiya. Inda suka kauce hanya shi ne wajen gano mai laifi, da kuma maganin da suke bayarwa, wato a raba yara da na'urar a koma ga abin da suke kira sautin asali.

Wane asali ke nan? Gita ba gadon kakanni ba ce a Damargu, kamar yadda ba gado ba ce a Agadas. Samarin Abzinawa da fari da rashin aiki suka kora Aljeriya da Libiya a shekarun 1970 da 1980 su ne suka dawo da ita, kuma ƙungiyar Tinariwen ta ƴan Mali a can gudun hijira ta kafu. A Nijar, marigayi Abdallah ag Oumbadougou, wanda ya rasu a 2020, shi ne ya yi wa kiɗan fice, kuma a lokacin tawayen 1990 zuwa 1995 a ɓoye kaset-kaset ɗinsa ke yawo hannu da hannu. Wannan sauti da ake kuka da ɓacewarsa an haife shi ne daga gita mai arha, da ƙaramin amfili mai cin batir, da rikodar kaset da aka kwafa sau goma har murya ta dushe. Talauci da na'ura ne suka yi tarayya wajen gina shi, hannun makaɗi ya ba shi rai. Dattawan wancan zamani ma ba da tafi suka tarbe shi ba. A wurinsu goge da tande da kiɗan takamba su ne kiɗa, gita kuwa wasan marasa aikin yi.

Wanda yake ganin na'ura baƙuwa ce a wannan fage, ya dubi tarihin Mdou Moctar. Gitarsa ta farko da hannunsa ya harhaɗa ta, da wayar birkin keke a madadin tsirkiya. Kundinsa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da gangar kwamfuta da na'urar lanƙwasa murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa, kuma ta katin wayar salula waƙoƙin suka ratsa sahara har ɗaya daga cikinsu ta shiga tarin Music from Saharan Cellphones da kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2011. Da an bi shawarar masu tsaron asali, da tun a Sakkwato aka rufe masa ƙofa. Bombino kuma a Nashbil ta Amurka ya naɗi kundin Nomad na 2013, kundinsa Deran na 2018 ya kai ga takarar kyautar Grammy, ba wanda ya ce ya daina zama ɗan Agadas.

Ita kanta na'urar ba jiya ta zo ba. Kamfanin Line 6 ya fitar da POD a 1998, Roland ya biyo da Micro Cube a 2004, ɗan amfili mai ƙarfin wat 2 da ke aiki da ƙananan batir 6, kuma a cikinsa ma muryoyin aro ne. Ga mutumin da ke zaune inda wutar lantarki ba ta kai ba, wanda zai ɗaure kayansa a bayan babur ya bi rairayi zuwa wurin biki, wannan rahama ce. Amfili mai kwalaben bawul, wanda mawaƙan Turai ke alfahari da shi, nauyi gare shi, ga tsada, ga shi ba ya jure girgizar hanya da hawa da saukar wutar inji. Cewa yaron Tenhiya ya jira irin wannan kafin ya taɓa tsirkiya, daidai yake da cewa ya haƙura da kiɗa ɗungurungum.

To ina jakin yake? Yana cikin abin da za a iya kira dafaffen sauti, wato saitin da masana'anta ta shirya ta zuba a akwatin tun kafin ya bar kanti. An dafa waɗannan sautuka ne domin kunnen mai saye a Turai da Amurka, wanda yawanci yake bugun tsirkiya biyu ko uku a dunƙule, yana son su yi ruri su daɗe. Makaɗin sahara kuwa salonsa daban ne. Tsirkiya mai kauri tana riƙe da amo guda ba ta sakewa, sauran yatsu suna zuba waƙa a kan sirara, kuma rabin adon kiɗan daga hannun da ke kan wuyan gita yake fitowa, yatsa ya dira ya ɗaga cikin sauri ba tare da an sake bugu ba, irin yadda mai gurmi ko mai molo ke yi. Idan aka cika wa irin wannan kiɗa kaushi, amon ƙasa da na sama sai su cakuɗe su haifi wasu amo da ba wanda ya kaɗa, adon ya nutse. Yaron da ya kunna akwati ya tarar da lamba ta ɗaya yana ruri kamar filin wasa na Landan, ya ɗauka ƙarshen daɗi ke nan, ba shi da laifi, tun da ba wanda ya taɓa gaya masa cewa ana iya sauyawa.

Alhali ilmin bai fi a koyar da shi a zama biyu ko uku ba. Sauti tafiya yake yi kamar ayari, zango bayan zango, kuma kowane zango yana aiki ne a kan abin da na baya ya miƙa masa. Daga gita ya shiga mai ƙara kaushi, daga nan zuwa amfilin kwaikwayo, sai akwatin lasifika na kwaikwayo, sannan a ƙarshe maimaici da amsa-kuwwa. Wanda ya sa amsa-kuwwa gaba da kaushi ya sa na'ura ta dagargaza kuwwar tare da ainihin bugun, sai kunne ya rasa wanne ne gaba. Haka kuma mafitar sauti: in za a zuba shi kai tsaye cikin manyan lasifikun taro, dole a bar kwaikwayon akwatin lasifika a kunne, in ba haka ba sauti ya fito da tsini kamar ana yayyaga kwano, in kuwa cikin amfilin gita na gaske za a zuba shi, sai a kashe, don kada a tace sauti sau biyu ya fito kamar daga ƙarƙashin bargo. Yawancin abin da ake zargin zamani da shi a wuraren biki, waɗannan kurakurai biyu ne.

Sai kuma matsalar da ta fi kowace ɓarna, ga ta ƙarama a ido. Injin wuta da waya maras kyau suna sa gita ta riƙa gunji ko ba a taɓa ta ba. Akwatin yana da mai tsaron ƙofa, wanda ke rufe hanya da zarar sauti ya yi ƙasa da wani mizani, sai yaro ya ɗaga mizanin har gunjin ya ɗauke, ya yi murna. Bai sani ba, mai tsaron ƙofar ba ya bambance gunjin inji da lallausan taɓin yatsa, duka yake korewa. Abin da ya raba kiɗan Abzin da na ko'ina shi ne aka fara yankawa. Maganin gunji yana wajen waya mai kyau, da nisantar inji, da komawa kan batir in da hali. Kuma sautin da aka daidaita da dare a ɗaki da abin sawa a kunne ba shi zai fito a fili ba, domin kunnen ɗan Adam yana jin kauri da tsini daban idan ƙara ta ƙaru, abin da Fletcher da Munson suka auna tun 1933. A filin da za a yi wasa ake daidaita sauti, da ƙarar da za a yi wasan.

Wani zai ce ai Mdou Moctar kansa da kaushi yake kiɗa, kundinsa Afrique Victime na 2021 da Funeral for Justice na 2024 shaida ne. Gaskiya ne, amma zaɓi ya yi, ya san abin da ya ɗauka da abin da ya ajiye, shi ya sa a 2025 ya sake fitar da waƙoƙin kundin na biyun da gita maras lantarki, da sunan Tears of Injustice. Fatou Seidi Ghali ta ƙungiyar Les Filles de Illighadad ta zaɓi wata hanya, sauti garau mai bin sawun tande. Tsakanin mai zaɓi da wanda masana'anta ta zaɓar masa akwai tafiyar kwana da kwanaki.

A nan ne maganar ta dawo kan malamai da ƙungiyoyin al'adu, waɗanda suka fi kowa ƙorafi. Ƙungiya za ta yi watanni tana shirin biki, ta tanadi rumfa da kujeru da abincin manyan baƙi, amma sauti sai ranar taro ake nemo mai hayar lasifikar da aka saba ɗauka don wa'azi da siyasa, ya murɗa komai zuwa ƙarshe. In kiɗa ya ɓaci sai a hau mumbari a zagi zamani. Marigayi Malam Mamane Barka, ɗan Taskar ta jahar Damagaram, malamin makaranta ne kafin ya shahara da gurmi. Da ya ga kiɗan biram na Buduma ya kusa ƙarewa, bai tsaya kuka ba, a 2002 ya tafi bakin tafkin Cadi ya zauna gaban Boukar Tar ya koya. Cibiyar koyar da kiɗa ta Alhaji Taya da ke Yamai tana nan tun 1989, amma tsakanin Yamai da Tanut akwai fiye da kilomita 1,000, kuma ba kowane yaro ne zai je ba. Zauren matasa da ajin makaranta bayan an tashi sun isa a zaunar da samari biyar da akwati ɗaya, a share dafaffen sautin, a fara daga hanya wayam, ana ƙara zango ɗaya ɗaya ana saurare.

Abin da masu ƙorafi ba su lura da shi ba shi ne na'urar ta iya koyon sautin gida. Tun 2011 kamfanin Kemper na Jamus ya fito da akwatin da ke sauraren kowane amfili ya ɗauki kamanninsa, kuma manhajar Neural Amp Modeler tana yin irin wannan aiki kyauta a kan kwamfuta. Tsohon amfilin da ya sha ƙurar bukukuwa a Tanut ko Adarbisanat, mai dusasshiyar muryar da dattawa ke marmari, ana iya ɗaukar sautinsa kafin ya mutu, a ajiye, a raba wa masu tasowa ta katin waya kamar yadda aka raba waƙoƙin Anar. Hannun makaɗin ne kaɗai ba ya shiga akwati, shi ma kuma masu shi suna raye a Damargu, ana iya aika musu goron gayyata su zo aji.