Kwikwiyon da ɗanka ya tsinto

A makon da aka koma lakwal, wata karya ta haihu a bayan katangar makarantarmu, ƙarƙashin tulin bulo da magina suka bari. Kafin labari ya iso ma malamai, yara sun riga sun gano ta. Kwana uku suna jifa lokacin hutun ƙarfe goma, har ta kwashe ƴaƴanta ta bar guda, ƙarami, mai ƙazuwa a kunne da ƙafa ɗaya da yake ja. Wani yaro ɗan ajina, CM1, ya saka shi cikin jakar littattafai ya kai gida. Uban ya ce a fitar masa da ƙazanta. Yaron bai yar ba, ya ɓoye shi a wani kango, kullum yana rage tuwon dare ya kai masa.

Ban san komai ba sai ranar da na ga tsumma ɗaure a yatsansa yana rubutu da ƙyar. Na tambaya, ya ce wuƙa ce. Da na kwance na ga sawun haƙori biyu. Kwana huɗu ke nan da cizon. Abin da ya fara fitowa bakinsa shi ne: "Mushe, don Allah kada ka gaya ma baba." Tsoron bulala ya fi masa tsoron ciwon da bai ma san sunansa ba.

Wannan yaro bai yi laifi ba da ya ji tausayi. Mu manya ne muka bar shi da tausayin ba tare da ilimin da zai tsare shi ba, kuma amsar da muka saba bayarwa, wato dutse daga yara da guba daga manya, ba ta tsare kowa.

Bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutum kimanin 59,000 a shekara, kashi 95 cikin 100 a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne da ba su kai shekara 15 ba, wato ɗiyan da ke zaune gabanmu a aji. Ƙwayar cutar tana cikin yawun dabba, tana shiga ta cizo ko yakushi ko lasar wurin da fata ta buɗe, sannan ta bi jijiya sannu a hankali zuwa ƙwaƙwalwa. Yawanci wata biyu zuwa uku take ɗauka, amma tana iya fitowa cikin mako guda, tana iya kai shekara. Wannan jinkirin shi ke yaudarar iyaye: ciwon yatsa ya warke, an manta. Da zarar alamu sun fito, zazzaɓi da firgita da kasa haɗiyar ruwa, kusan babu mai tashi. Kafin su fito kuwa akwai mafita, kuma tsohuwa ce. Tun ranar 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya yi ma wani yaro ɗan shekara 9, Joseph Meister, allurar bayan cizo a Paris, yaron ya rayu.

Abin da za a yi ba shi da wuya: a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ana zuba ruwa yana gudu, a sa Bétadine in akwai, a tafi gidan likita a ranar, a faɗi cewa kare ne. Ba a sa toka ko barkono, ba a neman gashin karen a liƙa a kan ciwo kamar yadda na sha ji a unguwa. Kuma kada a yi saurin kashe karen in ana iya tsare shi, domin karen da ke da cutar a yawunsa ranar cizon ba ya daɗewa. Likitan dabbobi yakan sa a duba shi kwana 10 zuwa 15, in ya wuce lafiya hankali ya kwanta. Amma allurar yaro ba ta jiran wannan, ana farawa ne nan take. Haka aka yi da ɗan ajina. Uban ya sayar da akuya, ya yi faɗa har ya gaji, amma ya kai shi.

To, bayan an wuce wannan, me za a yi da karen? Nan ne ra'ayina ya bambanta da na abokan aikina da yawa, waɗanda ke ganin karen da ya taɓa cizo ya gama lalacewa.

Akwai wani abu da ya faru a Amurka da ya kamata a sani. A 2007 hukuma ta bankaɗo wani gidan faɗan karnuka a jihar Virginia, mallakar Michael Vick, shahararren ɗan wasan ƙwallon Amurka. An kwashe karnuka kusan 50 irin pitbull, waɗanda aka ɗaure da sarƙa, aka horar da su su yagi juna ana caca a kansu. Al'ada a lokacin ita ce a kashe irin waɗannan duka, har wasu ƙungiyoyin kare dabbobi ma hakan suka ba da shawara. Sai kotu ta yarda ƙwararru su gwada kowane kare shi kaɗai. Guda ɗaya tak aka kashe saboda mugun hali, wani kuma saboda ciwo, 47 aka raba ma masu reno. Guda 22 da suka fi wahala aka kai wani gidan renon dabbobi a jihar Utah. Abin da ya ba masu renon mamaki shi ne yawancinsu tsoro ya yi masu yawa: wasu in mutum ya shigo sai su manne da ƙasa, su ƙi motsi. Da yawa daga baya sun zauna a gidajen mutane, wasu kuma har suka mutu ba a sake su daga gidan renon ba. Vick ya sha hukuncin ɗaurin wata 23, kuma ya biya fiye da dala 900,000 don kula da su (dalar Amurka nake nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba).

Na san abin da mai karatu zai ce, ni ma na faɗa: mutanen da suka ƙoshi ne. A ƙasar da uwa ke auna tiyar hatsi ta kwana biyu, wa zai buɗe gidan marayun karnuka? Ba shi nake nema ba. Abin ɗauka a labarin ba ya cin ko dala: an dubi kowane kare an tambayi me ya sa yake haka, kafin a yanke masa hukunci.

Karen titinmu in ka dube shi haka, dalilansa a fili suke. Na farko ciwo. Kare mai ƙazuwa, mai kaska cike da kunne, mai tsutsar ciki, mai ƙafar da dutse ya karya, in hannu ya taɓa wurin ciwon zai kai baki. Kwikwiyon yaron nan a ƙafar da yake ja aka riƙe shi. Na biyu yunwa: wanda ya tashi yana ƙwace a juji zai yi gurnani a kan kwano ko da kwanon cike yake, kuma wannan hali yana daɗewa bai fita ba. Na uku kuwa mu ne. Masana halin dabbobi sun nuna cewa tsakanin mako 3 da mako 12 na rayuwar kwikwiyo ne yake koyon abin da zai amince da shi da abin da zai ji tsoro. Kwikwiyon da ya yi waɗannan makonni a bayan katangar lakwal ya koyi darasi ɗaya: ɗan mutum mai gajeren wando yana zuwa da dutse. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Sannan mu dawo muna mamakin karnukan gari sun fi cizon yara.

Saboda haka in iyali sun yanke shawarar riƙe irin wannan kare, akwai sharuɗɗa, kuma manya ne za su ɗauke su, yaro ba zai iya ba. A fara da ma'aikatar kiwo: a duba shi, a ba shi maganin tsutsa da na ƙazuwa, a yi masa allurar hauka in ya kai wata uku, a maimaita kowace shekara, a adana takardar. Akwai abin da mutane ba su sani ba a nan: allura ba ta da tabbas a kan cutar da ta riga ta shiga jiki, don haka karen da aka tsinto ba a san bayansa ba sai a killace shi watanni, nesa da yara, ana lura. Ƙanƙantarsa ba hujja ba ce, kwikwiyo ma yana ɗauka. Kuma ba kowane mahaukacin kare ke gudu yana cizo ba. Wani yakan yi laushi, muƙamuƙi ya saki, yawu na zuba, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Kada wanda ya sa hannu a bakin don ya ciro ƙashin.

Sauran aikin haƙuri ne. Wuri mai inuwa da ruwa, abinci a lokaci ɗaya daga hannun mutum ɗaya, a ajiye a ja baya. Kada a dake shi don ya yi gurnani, domin gurnani gargaɗi ne; karen da aka hana gargaɗi da sanda, ranar da ya gaji sai ya ciji ba sallama. Kada a bar shi da ƙaramin yaro su kaɗai, ko bayan shekara. Zan kuma faɗi abin da masu son dabbobi ba su son ji: akwai karen da ba ya gyaruwa, akwai wanda ciwonsa ya fi ƙarfin aljihun mai gida. Irin wannan a kira likitan dabbobi ya kashe shi da sauri. Wannan ya fi a kai shi bayan gari a yar, ya koma matsalar ɗiyan wasu, kuma ya fi a ba yara shi su ja a titi suna jifa har ya mutu, abin da na gani da idona kuma manya na zaune a majalisa suna kallo.

Game da addini, tun da da shi ake rufe bakin yaro, a faɗa masa duka. Hadisi ya hana ajiye kare haka kawai, ya ware na farauta da na kiwo da na tsaron gona. Amma a mazhabar Malikiyya da muke bi, kare mai rai ba najasa ba ne, kuma wanke ƙwarya sau bakwai in ya sa baki umarni ne da ake bi don ibada. Bukhari da Muslim duka sun ruwaito labarin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. An kuma ruwaito cewa Ibn Abi Zaid, mai Risala da almajiranmu ke karantawa, ya ajiye kare lokacin da katangar gidansa ta faɗi. Mai gida yana da damar cewa ba a ajiye kare a gidana. Ban ga inda aka ba ɗansa damar jifa ba.

Mu ma ba baƙin kare ba ne. Karen Azawak, siririn nan mai dogayen ƙafafu da makiyaya ke riƙewa a arewacin Tahoua, tun 2019 babbar ƙungiyar masu karnuka ta Amurka ta shigar da shi cikin jinsunan da take rajista, ana sayensa da kuɗi mai nauyi. A ruga kare yana da mai shi da aikinsa. A birni ne ya zama na kowa kuma ba na kowa ba, yana rayuwa a kan juji da bayan mahauta.

Shi ya sa ba na tafa ma rabon guba da ake yi duk lokacin da aka ciji wani. Muddin jujin na nan, wasu karnukan za su cike gurbin cikin watanni, kuma guba ba ta tambayar wane ne aka yi ma allura; tana kashe na gida, tana kashe angulun da ya ci mushen. Abin da aka tabbatar yana aiki shi ne a yi ma kashi 70 cikin 100 na karnukan wuri allura. Ba sai mun je Turai neman misali ba. A Njamena, a 2012 da 2013, an yi kamfen na allura kyauta unguwa-unguwa, an kai wannan adadi sau biyu, cutar ta ɓace daga karnukan birnin watanni da dama, har sai da ta sake shigowa daga wajen gari. Garin Sahel ne kamar Maradi ko Damagaram, da zafinsa da talaucinsa. Wannan ya kamata ƙungiyoyin iyayen yara su nema a wurin magajin gari.

Mu malamai kuwa abin da ke hannunmu bai fi minti talatin ba. Ranar 28 ga Satumba ce ranar yaƙi da wannan ciwo a duniya, ranar rasuwar Pasteur, kuma tana faɗowa dab da komawa lakwal. Darasin makon farko ke nan. A koya ma yaro kada ya taɓa kare mai ci ko mai barci ko karya mai shayarwa. In kare ya nufo shi ya tsaya cik, hannuwa a jiki, kada ya gudu, kada ya zuba masa ido. Sannan a yi masa alkawari a gaban aji, iyaye su maimaita a gida, cewa duk wanda kare ya ciza ko ya yakusa ya faɗa a ranar, ba za a dake shi ba, ko da shi ya tsokano.

Kwikwiyon nan ya wuce kwanakin dubawa lafiya. Uban, bayan ya rasa akuya, ya ce tun da ya biya kuɗinsa sai ya yi masa aiki. Yanzu yana ɗaure a garken tumaki, ƙazuwar ta warke, ƙafar dai har yau yana ɗingishi. Yaron ne ke kai masa abinci, uban na tsaye. Kwanan baya na biya gidan, na sunkuya zan gyara takalmina, sai karen ya ruga bayan turke yana rawar jiki. Yaron ya ce: "Mushe, kada ka duƙa gabansa, yana zaton dutse za ka ɗauka."